Ranar da Doya Ta Huce Ana Jawabi

Ni dai a aji huɗu na firamare muka yi sallama da boko, kuma har yau bai aiko nemana ba. Amma in ana lissafin waɗanda suka koyar a jami'ar garin nan, a sa da ni, don na taɓa ba da darasi, ba allo ba alli.

Lokacin ina sayar da doya a Kasuwar Kure. 'Yan ƙungiyar ɗalibai masu karatun noma sun mai da rumfata wurin shan iska. Su kira ni Baba Farfesa, ni kuwa in gyara hula in amsa.

Wani dattijo manomi a Maikunkele ya ara musu fili suna gwajin shuka. Shekara uku suna zuwa da littafi, suna auna ganye, suna koya wa mutumin da aka haifa a gonar doya yadda ake shuka doya. Da ya gaji, ya ce wa shugabar ƙungiyar, "'Yata, a walimarku ta bana ku ciyar da mu sakwarar da kuka daka da hannunku. In ta ciwu, ku ci gaba da fili. In ba ta ciwu ba, baɗi gyaɗa zan zuba."

Shugabar 'yar unguwar Tunga ce a cikin gari, kuma aikinta na kammala karatu yana cikin filin nan. Ta zo rumfata ido ya raina fata. Na zaɓa mata tsohuwar doya wadda ta sha iska, na ce, "Darasi ɗaya ne, 'yata. Daga wuta sai turmi. Kada ki bari ta huce." Ta rubuta, har da jan layi.

Ranar walima aka ajiye ni a babban tebur, kusa da dattijon da matarsa. Doya ta dahu daidai, aka sauke. To ashe ƙungiya tana da doka: ba a fara komai sai an gama tsarin taro. Masu dakan kuma duk shugabanni ne, dole su zauna a gabatar da su. Aka yi addu'ar Musulmi, aka yi ta Kirista. Sakatare ya karanta bayanin taron bara, wani ya miƙe ya ce akwai gyara. Ni ina hangen tukunya, tururi yana ta raguwa. Na ɗaga hannu.

"Baba, lokacin tambayoyi bai yi ba," in ji sakatare.

Da aka zo daka, doya ta riƙa tsalle daga turmi kamar kwaɗi. Abin da aka kawo mana gudaji ne zalla. Dattijon ya ɗauki ɗaya, ya juya shi a hannu, ya ce, "Wannan ci za mu yi, ko iri ne kuka ba mu mu je mu shuka?"

Aka fashe da dariya, ban da shugabar. Ta miƙe, ko lasifika ba ta ɗauka ba, ta ce, "Baba, an gaya mini, na rubuta, kuma na bari ta huce. Akwai sauran doya. A ba mu dama mu sake."

Dattijon ya dubi matarsa. Ta tashi ta gyara ɗaurin zani. Ba ta taɓa taɓarya ba, tunda hannunsu aka ce, amma ta tsaya a kan tukunya kamar soja. Da sabuwar doyar ta dahu, sakatare ya ce, "Mama, saura jawabin godiya."

"Zo, ɗana. Ɗauki taɓaryar nan, ka gode mana kana daka."

Haka ya yi, da kwat ɗinsa, gumi har cikin takalmi. Sakwara ta fito sumul, tana danƙo. Dattijon ya cinye tas. Kwano kawai ya miƙa a ƙara masa. Gyaɗa kuwa a wani filin ya zuba ta.

Yanzu ƙafa ta hana ni kasuwa, kuma an ce 'yan ƙungiyar ma garin sakwara suke saya a leda su tuƙa. Allah Ya kyauta. Shugabar nan takan leƙo ni da 'ya'yanta, ta ce su gaida malaminta. Ni kuwa ban taɓa musawa ba.