Yadda Muka Kai wa Hannatu Giyabos Har Jojiya

Asabar, tashi daga Greensboro

Gari bai waye ba muka kama hanya. Alhaji Mamman na idar da sallar asuba ya tsaya ƙofar gidana da a-kori-kurarsa, matarsa Hajiya Zainabu na zaune a gaba ta rungume kula. Maƙwabtanmu ne, mutanen Maraɗi, shi kuma direban tirela ne. Na rufe gida na shige baya, mayafina a hannu, zuciyata kuwa tuni ta riga mu isa Jojiya.

Ku da ke Kagoro kuna ta tambayata ko da gaske ne 'yata Hannatu tseren mota take yi. Gaskiya ne. Amma ba irin motocin nan masu kwanciya a ƙasa kamar ƙadangare da kuke gani a talabijin ba. Nasu motoci ne irin na kan titi, masu ƙofa huɗu, sai dai an kwashe kujerun an ɗaure cikin da bututun ƙarfe. Gasa ce ta ƙasa, ana bin jihohi da ita tun daga bazara, kowane tsere ana tara maki. Tsakiyar mako Hannatu na aiki a asibitin haƙori, ƙarshen mako ita da babanta Bulus, wanda shi ne makanikenta, su ja motar su tafi. A waccan kakar makinta ya yi kankankan da na wani saurayi mai shuɗiyar mota, har ya zama duk wanda ya riga ɗan'uwansa ƙarasawa a tseren ƙarshe, shi ke da kofin rukunin ƙananan motoci.

Ranar Juma'a da la'asar Bulus ya kira ni daga can, muryarsa ba daɗi. Giyabos ɗin motar ya watse wajen gwaji. Akwai wani ajiye a garejinsa na McLeansville, in har ya isa hannunsa da hantsin Asabar, zai iya ɗaura shi kafin a yi gudun da ke raba wa kowa wurin tsayawa a layi. Ni ba na tuƙin doguwar hanya. Na kira Hajiya ina haki, na ce ko Alhaji zai taimaka ya kai mana akwatin giya Jojiya. Sai ta ce, "Maman Hannatu, Alhaji dai ko a wurin aiki ba ya ɗaukar giya." Sai da na yi mata bayani, muka yi ta dariya duk da halin da nake ciki. Alhaji na kan hanyar dawowa daga doguwar tafiya a lokacin, ya aiko cewa a bar shi ya ɗan rintsa, da asuba za mu tashi.

A garejin muka sami abin a ƙarƙashin benci, baƙi wuluk, ga nauyin tsiya. Alhaji ya ɗaga shi da sarƙar ɗaga inji, ya kwantar da shi kan tsohuwar taya, ya lulluɓe da tamfol. Shi da bakinsa na Nijar buwat yake ce masa. Ya buga gefen motar ya ce, “Buwat ta hau, saura mu.”

Charlotte

Mun bi babbar hanya ta 85 muka yi kudu. Rana ta fito mana wajen Salisbury, ganyen itatuwa duk sun rikiɗe ja da ruwan ɗorawa, gwanin kyau. Hajiya ta buɗe kula, ashe dambu ne da zogale, da shayi mai citta. Alhaji bai yarda a tsaya ba, ita ta riƙa miƙa masa yana ci yana tuƙi.

Muna ratsa Charlotte Hajiya ta juyo ta tambaye ni, wai ita yarinyar nan idan ta zagaya ta zagaya, ina take zuwa? Na ce inda ta tashi nan take dawowa. Ta riƙe haɓa ta ce ikon Allah, ga wahalar mai ga ɓata taya. Alhaji ya ce ta bari sai ta gani da idonta.

Mun ɗan wuce Gastonia sai ga shuɗiyar fitila a bayanmu. Ta 'yan sanda ce. Alhaji ya gangara gefe, ya ɗora hannuwansa biyu kan sitiyari, ya ce kowa ya natsu. Ɗan sandan dattijo ne mai gashin baki. Ya karɓi lasin, ya ce tamfol ɗinmu ya kwance yana kaɗawa, zai iya faɗawa kan gilashin wani. Da ya leƙa ya ga abin da ke ƙasa sai ya tambayi ina za mu da shi. Ni na ba shi amsa, da Turancina da ke rawa. Nan take fuskarsa ta saki. Ashe shi ma ya yi tseren motoci a filin ƙasa yana saurayi. Da hannunsa ya taya Alhaji ɗaure igiyar, sannan ya nuna ni da yatsa ya ce ita 'yar ta yi gudu, mu kuwa kada ya ji labarin mun yi.

Karolina ta Kudu

A nan tafiyar ta cije. Mun wuce wani ƙaton tankin ruwa da aka gina da siffar ɗan itace, Hajiya na ɗaukarsa hoto, sai muka ga jajayen fitilun birki jere har iya ganinmu. Wata tirela ce ta kife gab da Spartanburg, an rufe hanyar gaba ɗaya. Muka tsaya cak. Mutane suka kashe inji, wasu suka fito suna miƙe ƙafa. Ni kuwa sai duba waya nake, rana na ta ɗagawa.

Bulus ya kira. Na gaya masa gaskiya. Bai yi faɗa ba, ya dai ce sun riga sun sauke tsohon giyabos ɗin, motar na kan jak ba ciki, su biyu suna zaune suna kallon ƙofa. Na ji muryar Hannatu daga nesa tana tambayarsa da Turanci ko mun kusa. Wannan ya fi komai taɓa ni.

Da aka fara matsawa kaɗan-kaɗan, Alhaji ya sauka a mafita ta farko. Ya ce ya taɓa kai kaya ta wannan yankin, akwai tsohuwar hanya. Muka shiga ƙauyuka, gonaki hagu da dama, ƙananan coci-coci farare, sai mu biyo bayan taraktan da ba ya sauri. A wani gidan mai da muka tsaya, wata tsohuwa na sayar da dafaffiyar gyaɗa a tukunya. Hajiya ta saya don marmarin gida, ta ɓare ɗaya ta sa a baki, ta yamutsa fuska ta ce an dafa ta har ta manta da sunanta, ga gishiri kamar an kifar da buhu. Duk da haka kafin mu koma babbar hanya wajen Greenville ta cinye ta tas.

Jojiya

Mun haye gadar wani babban tafki muka shiga Jojiya, ƙasa ja kamar ta gida. Tun kafin mu ga filin tseren muka fara jin ƙarar, kamar dubban ƙudan zuma a cikin tulu. A ƙofa an rubuta sunayenmu cikin baƙin Hannatu, aka ɗaura mana ɗan zare a hannu, aka nuna mana layin rumfunan ƙungiyoyi. Wasu sun zo da manyan tireloli masu hawa biyu da ma'aikata cikin riguna iri ɗaya. Rumfarmu ce ƙarama a can ƙarshe, farar motar Hannatu na tsaye kan jak.

Ta taho da gudu cikin rigarta ta tsere ta rungume ni, sannan ta durƙusa ta gaida Alhaji da Hajiya. Amma mun makara. Ana sauke giyabos ɗin lasifika ta kira 'yan rukuninta su fito gudun rabon wuri. Tana tsaye hannu a ƙugu motocin suka wuce ta gabanta ɗaya bayan ɗaya, har da shuɗiyar. Dokarsu ita ce wanda bai yi wannan gudu ba, daga can ƙarshen layi zai tashi. Na fara ba ta haƙuri, idona ya kawo ruwa. Ta share mini da bayan hannunta ta ce, “Mama, jiya ba ni da mota. Yau ina da ita.”

Alhaji ya tuɓe babbar riga ya shige ƙarƙashin motar tare da Bulus. Makanikai biyu na rumfar da ke kusa suka zo da nasu kayan aiki ba wanda ya roƙe su. Hajiya ta raba musu kilishi, yaji ya sa ɗayansu hawaye, bai kuma daina miƙo hannu ba. Kafin magariba Hannatu ta tada injin, ta zagaya bayan rumfuna tana sa giya ɗaya bayan ɗaya, ta dawo ta ɗaga babban yatsa. Muka tafi wani ƙaramin masauki a Gainesville, ni da Hajiya ɗaki ɗaya, mazan nasu ɗakin, Hannatu ita kaɗai don ta yi barci sosai.

Lahadi

Da safe wani fasto ya yi gajeriyar sujada a rumfa don direbobi da iyalansu, na tsaya a baya na yi tawa addu'ar da Hausa. Bulus ya ce mu hau tudun da ke kallon kwanar ƙarshe, inda hanya ke gangarowa kamar za ta zubar da mota. Can muka tsaya jikin wayar shinge mu uku.

Aka kaɗa koriyar tuta. Ƙarar ta shiga har cikin haƙorana. Da suka ɓullo kan gangaren a zagayen farko, shuɗiyar na cikin na gaba-gaba, farar tamu kuwa ta riga ta bar motoci biyu a baya. Alhaji ne mai ƙirga mana. Duk zagaye sai ya lanƙwasa yatsa ya ce ta ci wani. Hajiya da ta ce ita kallo kawai za ta yi, sai ga ta riƙe da wayar shingen da hannu biyu, tana kiran sunan Hannatu kamar za ta ji ta.

Amma tazarar ta yi yawa, ni kaina na gani. Shuɗiyar na gama gangaren kafin tamu ta leƙo samansa. Ana cikin haka aka fara yayyafi. Motoci biyu suka sulle a wata kwana suka faɗa cikin tsakuwa, ba wanda ya ji ciwo, aka ɗaga tuta mai ruwan ɗorawa. Kowa ya rage gudu suka jeru a bayan motar jami'ai har aka janye waɗancan. Alhaji ya damƙe hular kansa ya ce an haɗa mata su wuri guda, yanzu za a yi ta. Mota uku ce kawai tsakaninta da shuɗiyar.

Da aka sake su ban san lokacin da na yar da mayafina ba. Ta wuce ɗaya a miƙaƙƙiyar hanya. Na biyun ya buɗe mata da kansa da tayarsa ta zame. Na ukun ya yi taurin kai, zagaye bayan zagaye yana tare ta, har aka nuna farar tuta, alamar saura zagaye ɗaya, sannan ta samu ta kutsa. Suka ɓace mana a bayan itatuwa.

Suka ɓullo kan tudun kafaɗa da kafaɗa, shuɗiya a waje, fara a ciki. Suka gangaro mana kamar an jefo su. Na ga fitilar birkinsa ta kama, tata ba ta kama ba. Na ce, “Yesu!” Sai a ƙurewar ƙarshe ta taka, motar ta yi rawa, ƙofa ta gogi ƙofa, madubinta ya tsinke ya yi sama. Ta fito daga kwanar hancin motarta na gaba, a haka suka tsallake layi.

Ta huɗu ta zo, shi na biyar. Jama'ar tudun duk suna tafa wa wanda ya zo na ɗaya, ba ruwansu da mu. Sai Hajiya ta cika ƙirji ta rangaɗa guɗa, irin ta gidan biki, doguwa, har ta rufe lasifika. Turawa suka juyo a firgice. Wani ya matso yana gaya mana a hankali cewa ai ba farar ce ta ci ba. Alhaji, hawaye na bin gemunsa, ya gaya masa cewa tseren yau na wancan ne, shekarar kuwa ta 'yarmu ce.

A rumfa da Hannatu ta cire hular kwano, na ɗauki gorar ruwa na ba ta a baki. Bulus ya zauna kan taya ya rufe fuska, ya daɗe bai ɗago ba. Saurayin nan mai shuɗiyar mota ya zo da madubinta da aka tsinto, ya miƙa mata ya ba ta hannu, idonsa jawur. Na ji tausayinsa ƙwarai, shi ma ɗan wata ne.

Litinin, komawa gida

Mun sake kwana, muka taso da hantsi a jere, Bulus na jan motar tsere a gaba, mu a baya. Hannatu ta shigo tamu, kofin na kan cinyarta. Wajen Anderson ta ce Baba Alhaji ya kawo ta karɓe shi tuƙi ya huta. Ya ce ya ga yadda take taka birki jiya, ba dai a motarsa ba. Ba a jima ba barci ya kwashe ta a kafaɗata.

Da la'asar muka shigo Greensboro lafiya. Na gode wa Ubangiji da ya kai mu ya dawo da mu, ya kuma fitar mini da 'yata daga cikin motar nan da ƙafafunta. Na gode wa makanikan nan biyu da ko sunansu ban riƙe ba. Su Alhaji kuwa ban san da bakin da zan gode musu ba.

Hannatu ta fi ni sanin yadda za ta yi. Muna sauka ta ɗauki kofin ta tsallaka titi ta kai gidansu, ta ce a can zai fara kwana. Alhaji ya ƙi, ya ce wannan gumin babanta ne. Suna cikin ja-in-ja Hajiya ta zo ta zare shi daga tsakaninsu, ta goge shi da gefen zanenta, ta buɗe kabad ɗin gilashin da take jera kwanukanta na aure, ta matsar da manyan ta sa shi a tsakiya ta rufe. Kwana ɗaya aka ce. Har yau yana can, kuma a gidanmu ba a sami mai ƙarfin halin zuwa tambaya ba.