Akuyar Hassu da Gyauron Dawa

A kakar shekarar 1998, ranar wata Laraba da hantsi, na ɗaure akuyar ƙanwata Hassu a gefen gonarmu ta Kekun Waje, dab da inda gyauron dawa ya tsiro bayan girbi. Shekaruna goma sha uku, kuma babu yaron ƙauye da bai san gyauro yana kumbura cikin dabba ba. Na sani sarai. Sauri nake yi in tafi gindin tsamiya, inda Baba Ɗangwaggo wanzami yake aski yana ba mutane dariya.

Har yau ban yafe wa bakin mutumin nan ba. Yana wasa aska a tafin hannu zai ce, "Babu mutumin kirki, sai wanda bai samu dama ba." In ya ga mace tana kuka ya ce hawaye ko tushen yakuwa ɗaya ba sa shayarwa. Ɓarawo da liman duk ɗaya ne a wurinsa, kowa abin da aka rubuta masa yake yi. Manya su yi dariya su kaɗe riga su tafi masallaci, mu kuwa yara mu kwashe maganar mu kai gida.

Da na koma da azahar, akuyar ta tsinke igiya ta shiga gyauro, cikinta ya yi kamar ganga, ta mutu ko yanka ba a samu ba. Kakarmu ce ta ba Hassu ita tun tana 'yar ƙarama, Hassu kuwa ita ke ba ta dusa da ruwan tsari kullum safe. Ta durƙusa a kan mushen tana kuka, ni kuma na tsaya na gyara murya irin ta wanzami na ce, "An rubuta. Kukanki zai tashe ta?" Yaran da ke wurin suka yi dariya, na ji daɗi.

Daga ranar ta daina kirana Yaya.

Yanzu tsamiyar ta faɗi, wanzami ya rasu, furfura ta fara fito mini. Bara na sayi akuya ja irin waccan na kai mata gidanta a Tsafe. Ta dubi akuyar, ta dube ni, ta ce, "Mayar da abarka, Malam Sani. Ba an rubuta ba?"

Na jawo igiyar na dawo. Igiyar farko ma da hannuna na ɗaura ta.