Bakanike da 'Yarsa a Ofishin Makaranta

Ban san shi ba, amma hannunsa ya gaya mini sana'arsa: baƙin mai ya zauna a ƙarƙashin farcensa, sabulu ya yi iya yinsa ya haƙura. Yana tsaye gaban teburin sakatariyar makaranta cikin riga mai karin guga, yana riƙe da 'yarsa kurma, wadda ta rataya sabuwar jaka ko ledarta ba a cire ba.

"Ba mu da malamin irinsu," in ji sakatariyar, idonta na kan waya. "Ka je ofishin ilimi."

"Baiwar Allah, ai su suka turo ni nan. Sun ce doka ta ba ta kujera a aji kamar kowane yaro."

"Kujera kam akwai. Malami ne babu."

Sai ta leƙo ta kwatsa wa yarinyar, "Ke, ya sunanki?" sai ka ce ihu ne maganin kurumta. Ni da ke bayansu a layi, takaici kamar ya kashe ni.

Yarinyar na jan rigarsa, tana tambaya da yatsu. Ya durƙusa yana amsa mata da waɗannan manyan hannayen nasa, yana kuskure tana gyara masa. Ina jin da girmansa ya koyi maganar hannu, tsakanin wannan mota da waccan.

Ya miƙe, ya zaunar da ita a benci, shi ma ya zauna ya miƙe ƙafa.

"Kira mini shugaban makaranta," ya ce. "Yau na rufe gareji, ba inda za ni."