Gwangwanin da Ya Yi Ciki

Maigidana dako yake yi a tashar jiragen ruwa ta Jidda. Wata rana ya dawo unguwarmu Karantina rungume da gwangwani kamar an ba shi jariri. Wai kukun wani jirgi ne, ɗan Sin, ya ba shi. Da hannu suka yi magana, abin da ya gane kawai shi ne wata 'yar saiwa ce da ke fita cikin taɓon ruwa, kuma manya ke cin ta.

Lokacin ban iya karatu ba, sai da na yi jika na shiga aji. Amma ko na iya, rubutun jikinsa kamar tonon kaji ne.

Na ce a fasa a zuba a miya. Ya ce haram, wannan na babban baƙo ne. Haka muke a unguwar, abin da ya fi kyau a ɗaki sai alhazan da za su sauka daga gida. Ya ɗora shi can saman jerena, dab da rufin kwano, inda zafi ke iya dafa ƙwai. Hajji uku muna saukar baƙi, duk babu wanda ya isa.

A shekara ta huɗu gefensa ya yi tsatsa, murfin ya tasa.

Na ce, "Malam, gwangwaninka ya yi ciki."

"Albarka ce, ƙaruwa yake yi."

"To Allah ya sauke shi lafiya."

A shekarar Innata ta zo daga Kano. Tsohuwa ce, tun ina yarinya take roƙon Allah ya nuna mata Arfa. Saura kwana biyu mu tafi Makka, maigida ya kira ni tsakar gida, don kunyar suruka ba ta barinsa shiga ɗakin. Ya sa sabon farin tob, doguwar rigar nan ta Larabawa, ya ce yau ranar gwangwani ce.

Ni kuwa ina wanke-wanke a gidan wasu Larabawa a Aziziyya. A idona kukunsu ya ci kifin gwangwani mai kumburi irin wannan, aka fita da shi ranga-ranga. In Inna ta kwanta, Arfa ba ta jiran kowa.

Na ce, "Uwata ba za ta ci ba."

"Ke kin fi mutanen Sin sani ne?"

"Na fi su sanin zafin ɗakina. In karamci kake ji, ka fara ci, mu ba ka kwana biyu mu gani."

"Halas, magana ta ƙare! Yalla, maza miƙo wuƙa."

Na miƙa, na ja baya har bakin randa. Yana caka wuƙar, abin ya yi tsartuwa, wani ruwa mai kumfa ya wanke shi daga gemu har gwiwa. Wari kuwa, kyanwar maƙwabta da ta zo da saurinta ta juya.

Inna ta leƙo, hanci a toshe da mayafi. Ta dubi fararen dunƙulen da suka zube a ƙasa.

"Yanzu ɗan nan, rizga ka ajiye mini shekara huɗu?"

Ni na haƙa rami a bayan gida na binne su har gwangwanin, kada akuyar wani ta bi ta kai.

Inna ta tsaya Arfa da ƙafafunta, da tuwon da na tuƙa mata a ciki. Ta ce ta yi masa addu'a sosai a can. Tob ɗin dai wanki uku na yi masa, daga baya na yanka shi tsumman goge kwanoni.