Malam Ɗalhatu Mai Gadi da Darasin Malamin Coci

Ƙarfe biyar da rabi na safe motar ma'aikata ke tashi daga kam ɗinsu, wato masaukin ma'aikata, a Sanaiya, unguwar masana'antu, kuma shekara goma sha shida ke nan ba a taɓa jiran Malam Ɗalhatu Mu'azu ba. Kujerar baya ce tasa, don ita kaɗai ke ɗaukarsa ba tare da ya danne wani ba. Mutum ne da Allah bai yi wa rowar jiki ba. A ƙofar laburaren wata jami'a a nan Doha yake sauka, ya gyara hular kaki, ya tsaya. Aikinsa duba kati, hana shiga da shayi, da nuna wa baƙo hanyar banɗaki. Ɗalibai sun saba jin “yalla, kati” da “shukran” daga bakinsa, sai suka ɗauka iyakar Larabcinsa ke nan. Ba su san ya yi shekara tara a zauren wani malami a Zariya yana fama da nahawu ba, kafin neman abinci ya fito da shi.

Idan hutun rana ya yi, abokan aikinsa su kama waya, shi ya kama littafi. A keken da ake tara littattafan da aka dawo da su ya tsinci wanda ya fi daɗewa a hannunsa: tarihin wani malamin coci, da Larabci, mutumin ƙasar Italiya da ya rasu sama da shekara ɗari bakwai. Ɗan manyan gida ne, ya ce shi rayuwar talauci da karatu zai yi, danginsa suka kulle shi kusan shekara guda ko zai sake ra'ayi, bai sake ba. Ƙato ne mara magana, har abokan karatunsa suka laƙaba masa bijimi bebe. Malam Ɗalhatu ya ce daga wannan shafin ya fara jin kamar ya san mutumin.

Amma yadda malamin ke rubutu shi ya riƙe shi. Ba ya fara faɗin ra'ayinsa. Sai ya aza tambaya, ya jero hujjojin masu saɓa masa ɗaya bayan ɗaya, ya gyara musu su tsaf har su fi yadda masu su za su faɗa, sannan ya ba da tasa amsar, ya koma ya bi kowace hujja ya warware. Da malaman falsafa Musulmi ma haka ya yi: ya karanta su a fassara, ya ɗauki abin ɗauka, ya yi jayayya inda zai yi. A ganinsa hankali da wahayi daga Ubangiji ɗaya suka fito, don haka mai gaskiya ba shi da dalilin tsoron tambaya.

Ba kowa ya ji daɗin wannan karatu ba. Sunusi, mai jan salla a kam, ya taɓa tare shi a bakin famfo.

“Malam, duk littattafan musulunci sun ƙare ne, sai na fadan coci?”

“Ba su ƙare ba. Aƙidarsa na bar masa. Ladabin gardamarsa nake koya, tunda mu mun yar da namu.”

Ni ma, mai wannan rubutu, ina cikin masu gunagunin. Na yi shi ne daga ofis mai sanyi, da digiri biyu, ba tare da na buɗe ko bangon littafin ba.

A azumin bara aka ga amfanin abin. Surajo, direban motar ma'aikata, ɗan Gusau, ɗaki ɗaya suke da Istifanus, mai gadi, Kirista daga Kagoro. Wata Laraba da azahar Surajo ya dawo hutawa, ya tarar Istifanus na cin tuwo da miyar kuka a bakin gado. Ya ɗauki kwanon ya wurga waje. Aka kama kokawa, gilashin taga ya fashe. Mai kula da kam ya ce ya ba su zuwa Lahadi: ko su zo masa tare sun shirya, ko ya rubuta wa kamfani a soke bizarsu duka biyu. Surajo na da mata da 'ya'ya huɗu a gida. Istifanus wata biyar kacal da zuwansa. Kowannensu ya rantse gara jirgi da ba da haƙuri.

Ranar Juma'a bayan la'asar Malam Ɗalhatu ya kira su ɗakinsa. Na je kai dabino, sai na samu kujera a shari'ar da ba a gayyace ni ba.

“Sharaɗi ɗaya ne,” in ji Malam Ɗalhatu. “Ba mai faɗin tasa. Surajo, kai za ka faɗi hujjar Istifanus, har sai ya ce haka ne. Sannan shi ya faɗi taka.”

“Baba, ni zan zama lauyansa?”

“Kyauta ma kuwa. Bismilla.”

Surajo ya kalli rufin ɗaki. “Hujjarsa ita ce, shi bai ɗauki azuminmu a bakin komai ba.”

“Haka ne, Istifanus?”

“Ba haka ba ne, Baba.”

“Sake.”

“To, hujjarsa ita ce cikinsa ya fi ƙarfinsa.”

“Wannan zagi ne ka sa masa riga. Sake.”

Surajo ya sosa ƙeya, ya ce gaskiya shi bai san hujjar ba.

“Wata biyar kuna ɗaki ɗaya, ka yi masa hukunci, ka zartar, ba ka san hujjarsa ba. Ga shi nan zaune. Tambaye shi.”

Da kyar tambayar ta fito, kamar ana cire masa haƙori. Istifanus ya zaro kwalin magani daga aljihu. Gyambon ciki gare shi, likita ya ce kada ya sha maganin rana sai da abinci. A waje ba a cin abinci da rana cikin azumi a ƙasar nan, kantin kam kuma a rufe yake sai magariba. Kwana goma yana ci a tsaye cikin banɗaki don kada Surajo ya gani. Ranar Laraba ce kawai ya ɗauka motar za ta makara.

“A banɗaki?” in ji Surajo. Ya maimaita hujjar daga farko har ƙarshe, muryarsa ƙasa-ƙasa, bai rage komai ba. Istifanus ya ce haka ne.

Da aka zo kan Istifanus, shi ma sau biyu yana faɗuwa. A na uku ya ce: “Mutum ya yi sahur, ya yi awa bakwai a kan sitiyari cikin wannan rana, wuri ɗaya ya rage masa ya kwanta, ya shigo ya tarar da ƙamshin daddawa irin na gidansu. Da ni ne, Baba, ban san abin da zan yi ba.”

“Da ka wurgar da kwanon,” in ji Surajo.

“Da na cinye tukuna.”

Har Sunusi, da ya leƙo don ya ga inda karatun fada zai kai mutane, sai da ya yi dariya. Ranar Lahadi suka je wurin mai kula da kam tare, ya dube su ya ce khalas, wato magana ta ƙare. Yanzu Surajo kan tsaya masallaci bayan azahar minti ashirin duk azumi, ya ce lazimi yake yi, kafin ya shigo Istifanus ya ci ya sha magani. Har yau suna ɗakin, har yau suna faɗa a kan na'urar sanyi.

Malam Ɗalhatu, kai ne ka tsaya shiru a ƙofar ɗakin ilimi ana wuce ka kamar turke, alhali ka fi da yawa daga masu shiga cin moriyarsa. Kai ne ka karanta mutumin da ba addininku ɗaya ba, ba ka rage komai daga naka ba, ka fito da abin da ya hana gida biyu rasa abinci. Ba wannan ne sulhunka na farko ba. 'Yan kam sun ƙirga mini bakwai, kuma sun ce ba ka taɓa faɗa wa kowa wane ne mai gaskiya ba.

Ƙarshen watan nan zai ajiye kaki ya koma Zariya, gwiwa ta ce ta gaji. Jami'ar ba za ta yi masa walima ba, don a takarda ba ma'aikacinta ba ne. Littafin ma ya mayar da shi kan kantar laburare, tunda ba nasa ba ne. Mun gode, Malam. Allah ya saka da alheri, ya kai ka gida lafiya, ya ba gwiwar haƙuri.

Mu da muka rage, musamman mu jaruman zauren waya masu amsa saƙo kafin mu gama karanta shi, ga abin gwadawa: kafin ka mayar wa mutum martani, faɗi maganarsa har ya ce haka ne. Na gwada da maiɗakina ranar Talata. Ina cikin jero mata hujjarta ta uku na gane ba ni da amsa ko ɗaya.