Na Kashe Na'urorin Don Mamaci Ya Daina Kirana

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. A lokacin da abin nan ya faru ni mai shara ce a ofishin wata ƙungiyar manoman shinkafa da albasa a Birnin Kebbi. Mijina ya rasu, 'ya'yana sun yi aure, karatuna bai wuce firamare ba, amma ina karanta Hausa ina rubutawa. Tun ƙuruciya ni mai waswasi ce. Nakan sake alwala don ban tabbata na wanke gwiwar hannu ba, nakan dawo daga bakin titi in taɓa kwaɗo in ji ko ya kama. Saboda wannan halin ne ma aka ba ni makullin ɗakin na'urori, aka ce ni ba zan taɓa barinsa a buɗe ba.

Ƙungiyar tana da shafi a intanet da manoma ke dubawa a waya, kuma ta nan ake aika musu gargaɗi idan gulbi zai cika, su kwashe abin da za su iya kwashewa. Ƙanena yana noma a fadamar Zauro, kuma tun da aka fara wannan gargaɗi ya daina zuwa bakin ruwa yana kafa kara don ya ga hawansa. Wanda ya haɗa mana aikin wani matashin injiniya ne, iyayensa 'yan kudu ne masu shago a kasuwa, amma shi haifaffen nan ne, Kabanci, Hausar mutanen Kebbi, a bakinsa kamar kakarsa ce ta yanke masa cibiya a Argungu. Inna yake kirana. Idan ina goge ƙura yakan yi mini bayanin abin da ban tambaya ba. Ya ce aikin shafin a rarrabe yake cikin wasu ƙananan kwantenoni da ido ba ya gani, wasu suna cikin na'urorinmu, wasu suna cikin na reshenmu na Argungu. A gabansu akwai mai raba hanya, kamar mai ba da hannu a mahaɗar titi, duk wanda ya nemi shafin shi zai nuna masa inda zai bi. Kuma ba ya hutawa, yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana tambayar ko suna da rai. Wadda ta yi shiru sai a binne ta a tayar da wata a madadinta, idan kuma gari guda ne ya yi shiru sai a karkata jama'a zuwa ɗaya garin. Na ce masa ya daina cewa tayarwa, wannan aikin Allah ne. Ya yi dariya ya ce to Inna, a ce canjin ma'aikata.

Da yake gidana ne mafi kusa da ofis, ya sa lambata cikin waɗanda na'urorin za su riƙa sanarwa idan wani abu ya lalace. Ya rubuta nawa saƙon da Hausa, yadda yake mini magana, har da gaisuwa da tsokana.

Farkon damina ya kwanta ciwo, bai daɗe ba ya rasu. Na je gidan makoki, na ga lokacin da aka fita da shi. Ba a yi sadakar bakwai ba, ina tsintar shinkafa da hantsi, wayata ta yi ƙara. Shi ne. Ya gaishe ni, ya tambayi ƙafata mai ciwo, ya ce ɗaki ya yi zahi, don Allah in leƙa. Na bar tiren a ƙasa na hau keke napep na nufi ofis. Da na buɗe ɗakin, na'urar sanyaya ɗaki a mace take, zafi ya bugi fuskata. Na san ya gaya mini na'ura ce ke aikowa. Amma zuciyata ta ce, ina na'ura ta san ƙafata?

Na faɗa wa manaja, ya ce in kwantar da hankalina, rubutun da ya bari ne, za a kawo sabon injiniya a gyara. Na faɗa wa malamarmu ta Islamiyya, ta ce mamaci ba ya aike, in riƙa yi masa addu'a. Duk na yarda da su da rana. Amma saƙon bai daina ba. Wuta ta ɗauke, ya kira ni. Batir ya yi ƙasa, ya kira ni. Na fara tunanin ko amsa kiran da nake yi ne ya hana shi kwanciya, ko ina ɗaukar zunubi ina yi wa matacce hidima. Na daina cin abinci sosai. Ɗakin kansa ya canza mini. Fitilun nan ƙanana masu ƙyaftawa, da na saba gani ba komai, suka zama kamar idanu, kuma ƙugin fankokin yakan sauka ya hau kamar numfashin mai barci.

Wata Juma'a da tsakar rana, maza duk sun tafi masallaci, na shiga ɗakin na yi bismilla na kashe na'urorin ɗaya bayan ɗaya, yadda na ga marigayin yana yi idan zai gyara. Ɗakin ya yi tsit har ina jin kukan kurciya a bayan gini. Ban kai ga ƙofa ba wayar ta yi ƙara a ƙuguna. Ya ce kada in damu, Birnin Kebbi ta yi shiru amma ya mayar da jama'a Argungu, sai dai Argungu ita kaɗai ce yanzu, in taimaka in tashe su. Na tsaya a ɗakin da babu abin da ke motsi, yana ci gaba da magana. Ban san daga can Argungu saƙon ke fitowa ba. Na kashe wayar, na naɗe ta a tsumma, na cusa ƙarƙashin tukwane.

Ran Litinin na jira a kama ni. Ba wanda ya ce komai. Shafin yana aiki, ma'aikata suna ta harkarsu, manaja kuwa nasa saƙon da Turanci yake zuwa cikin tarin wasiƙun da ba ya buɗewa. Wannan ya ƙara mini tsoro, abu a kashe yana aiki. Na ci gaba da share bakin ƙofar ban shiga ba.

Da damina ta yi nisa aka yi iska da ruwa a Argungu, kwano ya yaye, ruwa ya sauka a kan na'urorin can. Mai raba hanya ya juyo da jama'a gida Birnin Kebbi, bai sami mai amsawa ba. A kwanakin ne gulbi ya hau. Ma'aikata sun bi mutane da kiran waya, amma ba su kai ga kowa ba. Ƙanena yana jiran gargaɗin da bai zo ba, ruwa ya ci shinkafarsa da injin ban ruwansa, shi da maƙwabtansa. Allah Ya kiyaye ba a rasa rai ba.

Sabuwar injiniyar mace ce. Aka haɗa ni da ita zuwa Argungu in kwashe laka. Ina durƙushe ina aiki ta ce da an bar na Birnin Kebbi a kunne da ba wanda zai ma san an yi ruwa a nan, kuma ba lalacewa suka yi ba, hannu ne ya kashe su. Ba ta dube ni ba. Na ajiye tsintsiya na faɗa mata. Sai ta tambaye ni me ya sa ban ce a cire lambata ba kawai. Wallahi ban san ana iya cirewa ba. An karɓe makullin, an bar mini sharata. Ƙanena da na gaya masa ya ce, Yaya, ruwa na Allah ne. Amma bai ƙara zama ya ci tuwo a ɗakina ba sai bayan shekara.

Da na kunna wayar, saƙonnin suka riƙa shigowa har ta yi zafi a hannuna, duk roƙo ɗaya, in tashe su. Na rasa wanda zan nuna wa, sai na kai wa mahaifiyar marigayin a shagonta. Ta sa na karanta mata, ta sa na maimaita. Ta ce haka yake tun yana yaro, idan ya ga an bar wuta a murhu ba mai kula, ba ya barin mutum sai ya tashi. Ta roƙe ni kada in goge.

Ina jan kunnen 'yan'uwana masu irin halina. Idan tsoro ya kama ku, ku yi ta faɗa har a gane, kada ku yi maganinsa da hannunku a ɓoye. Ku kuma masu haɗa irin waɗannan na'urori, ku sani abin da ke da madadi yana ɓoye ciwonsa, rabi zai mutu kowa yana dariya. Ku gaya wa mai riƙe makulli abin da zai faru idan ya kashe, ba yadda ake kashewa kawai ba. Yaron nan ya yi ta kirana ne don shinkafar ƙanena, ni kuwa na sa shi ƙarƙashin tukunya. Allah Ya jiƙansa, ni kuma Ya yafe mini.