Furar da na kai wa Habu asibiti

Bana shekara ashirin da uku ke nan da rasuwar Lawan, amma har yanzu akwai tsofaffi a Challawa da in an ambaci sunansa sai su kau da kai. Suna cewa shi ya kashe ƙanena Habu. Ba shi ba ne, kuma na daɗe da sanin haka.

Tare muka yi makarantar Midil da Lawan. Ni na zama malamin makaranta, shi ya zama nas mai sa marasa lafiya barci kafin tiyata. Yakan ce sana'armu ɗaya, sai dai ni ba na bukatar magani, da na buɗe baki aji ya yi barci. A lokacin, farkon samun 'yancin kai, kayan aikinsa ba su wuce kwalba da ƙyalle ba. Ya rufe hancin mutum da ƙyallen, ya riƙa ɗiga magani mai wari, yatsansa a kan jijiya. Da zai ga na'urorin yau masu ƙara da walƙiya, na san zai yaba, sannan ya tambaya ko akwai wadda ke gane mai ƙarya.

Habu dako yake yi a wani kamfanin matse gyaɗa a Bompai. Challawa kuwa, inda gidanmu yake, a lokacin gonaki ce da kogi, ba a san majema ko masaƙa za su zo ba. Ɗaukar buhuna ya sa masa ƙaba, aka ba shi ranar tiyata da safe. Lawan ya ja mana kunne cewa kada komai ya shiga cikinsa, ko ruwa, domin mai barcin magani in ya yi amai, huhu yake komawa.

Da na gaya wa Inna, sai ta ce ita ba ta taɓa jin an tura mutum gaban wuƙa da yunwa ba, ko wanzami ba ya haka. Ta dama fura, ta zuba a jallo, ta rataya min a keke. Ni da ke koyar da kiwon lafiya a aji huɗu, na auna dokar asibiti da umarnin uwa, na yanke cewa dokar irin tsirfar Turawa ce. A asibiti, a bayan labule, na ba Habu, ya shanye, ya ce in gode mata.

Lawan ya shigo da takardarsa, muka gaisa, ya tambayi Habu ko ya ci ko ya sha wani abu. Habu ya dube ni. Ƙane ba ya tona wansa a gaban mutane, balle wan da ake kira Malam.

"Ban sha komai ba," in ji shi.

Ina tsaye, jallon na ƙarƙashin rigata, na yi shiru. Na karanta littattafai da yawa tun daga ranar, ban sami wanda ya bayyana min wannan shirun ba.

Kafin azahar aka fito mana da shi a lulluɓe. A gida magana ta zauna cewa abokina ya toshe wa yaro hanci da ƙyalle har ya mutu. Da ya zo ta'aziyya, Inna ta aiko daga ciki a ce masa ta bar shi da Allah. Ya karɓa, ya yi addu'a, ya hau kekensa.

Bai daina zuwa gidana ba, bai daina tsokanata ba. Abin da ya canja aikinsa ne. Daga ranar sai ya fitar da 'yan'uwa waje kafin ya yi tambaya, kuma ya tanadi littafi yana rubuta amsar da mutum ya bayar a gaban dangi da wadda ya bayar shi kaɗai. Shekaru ya yi yana koya wa sababbin ma'aikata abin da ya gano. Suna yi masa kallon mai bincike, ni kuwa na san shafin farko.

Sai da ya kwanta ciwon ajali a gidansa na Ɗorayi na iya buɗe baki. Ban kai ƙarshe ba ya ɗaga hannu.

"Malam, ni na share bakinsa. Ka zaci ban san fura ba?"

Na ce to me ya hana shi faɗa.

"Ita ta dama, kai ka kai. In na faɗa, wa zai rage mata? Ni ai baƙo ne, ana iya ƙin baƙo a ci tuwo."

Inna ta riga shi rasuwa da shekara tara, tana sa min albarka, ba ta yafe masa ba. Duk shekarun nan ina cin abinci a gabanta, ina jin abin da take faɗa a kansa, ina gyara zama.

Littafinsa ya ɓace. Ɗakin tiyatar an rushe shi, ɗalibansa ma sun tsufa. Abin da ya rage nasa 'ya'ya ne da jikoki, kuma ɗaya daga cikin jikokin yana aiki a wata majema a Challawa. Kwanan baya wani dattijo ya ji sunan kakansa, ya ƙi ba shi hannu. Yaron ya zo ya tambaye ni dalili, na ce masa ya jira jaridar wannan mako. Ga dalilin nan, Lawan ƙarami. Ka kai wa dattijon, in bai iya boko ba ka karanta masa, kada ka tsallake inda na yi shiru.